Kifin da Ba Wanda Ya Ciyar

Baba Shitu ya ɗauki tsokar kifin da yatsa biyu, ya kai hanci, ya mayar. Sannan ya sa bayan hannu ya ture kwanon gefe.

"Na gona ne."

"Baba, wallahi mai kifin har rantsuwa ta yi min na kogi ne," in ji Maijidda, matar ɗansa, tana durƙushe a bakin katifar.

"Da me ta rantse miki?"

Maijidda ta ɗauke kwanon. Mijinta Ghali yana tsaye a ƙofar ɗakin da jakar ofis a kafaɗa, ya ji kamar ya kurma ihu, amma wa zai yi wa? Tsohon ya juya fuska bango ya ja bargo. Ƙashin kafaɗarsa har ya turo rigar.

Ga yadda abin yake. Baba Shitu masunci ne, mutumin Wudil, a cikin kwalekwale ya yi furfura. Ghali ɗansa ne na uku, shi kuwa tun yana yaro jininsa bai haɗu da ruwa ba. Ya gudu Kantin Kwari, daga nan kasuwa ta jefo shi Guangzhou ta ƙasar China. Yana da ɗan ofis a benen Tianxiu, mutanen Kano su turo masa saƙo, ya saya, ya loda musu a kwantena. Da ciwon cikin tsohon ya gagari asibitocin gida, Ghali ya kawo shi nan aka yi masa aiki a hanji. Aikin ya yi kyau, alhamdulillahi. Aka sallame su suka dawo gidan da suke haya a unguwar Xiaobei. To daga nan ne sabuwar rigima ta tashi, Baba ya daina cin abinci.

Nama ba ya zama a cikinsa. Ƙwai ko warinsa ba ya so. Kunu kawai yake kurɓa, shi ma ya ɗan taɓa ya ce ya ƙoshi. Likitar da ta yi aikin ta faɗa wa Ghali ba ɓoye-ɓoye: ɗinkin ciki ba ya warkewa da kunu, idan suka dawo awo ta ga ya ƙara ramewa, kwantar da shi za ta yi a zura masa robar abinci ta hanci. Baba ya ga irin robar nan a hancin maƙwabcin gadonsa. Da Ghali ya fassara masa, cewa ya yi ranar da za a sa masa ita, a biya a sayo likkafani. Duk wanda ya san Shitu kuwa ya san ba barazana yake yi ba.

Abu ɗaya ya ce ransa yana so, farfesun ɗanyen kifi. Kifi a Guangzhou? Ai sai mutum ya gaji da kallo, ga shi nan yana iyo a kwami a kowace kasuwa. Sai dai tsohon nan yana da dokokinsa, kuma ba yau aka kafa su ba. Ba ya cin kifin gona, wai abin da aka ɗura wa dusa a kwami kaza ce, ba kifi ba. Ba ya cin na teku, wai ƙarni. Na ƙanƙara kuwa, irin wanda ake kawowa a kwali, ko gidansa bai yarda a shigar masa da shi ba, ya sha korar mai tallarsa daga ƙofar gida. Maijidda ta gama kasuwannin unguwar kaf, ƙafarta har ta kumbura. Wani baƙo ya taho musu da banda daga Kano a cikin akwati, Baba ya yi godiya, ya ce a ba maƙwabta.

Ranar da aka yi maganar rantsuwar nan, Ghali ya wuce titin Guangyuan karɓar kaya a wurin Sun, mai shagon wandunan jins da suka daɗe suna hulɗa. Bikin sabuwar shekarar 'yan China ya gabato, shaguna suna ta rufewa, kowa ya ja akwati ya nufi garinsu. Sun ya dubi fuskarsa sau ɗaya, ya ture lissafin gefe ya zuba masa shayi.

"Lawban, wa ya mutu?"

Haka suke kiran juna, lawban, wato maigida, ko wane ne ke saye ko wane ne ke sayarwa. Ghali ya kwashe labarin ya faɗa masa, da rabin Sinanci da rabin Turanci, sauran kuma da hannu.

"Kifin kogi na gaske a garin nan?" Sun ya kaɗa hannu. "Meyo. Babu. Duk wanda ya ce maka akwai, so yake ya sayar."

Ya zaro waya ya nuna masa wani hoto. Mutum ne cikin kayan sanyi riƙe da kifi mai faffaɗan kai da dogon jiki sulɓi. Ghali ya kusa fizge wayar.

"Tarwaɗa!"

Sun ya faɗi sunan kifin da yarensu, harshen Ghali ya gwada ya ƙi juyuwa, ya haƙura. Garin su Sun yana can ƙuryar arewa, a bakin kogin da ya raba su da Rasha. Ya ce kifin nan sai da sanyi ake kama shi, a ƙarƙashin ƙanƙara, kuma a garinsu bai taɓa jin wanda ya yi kiwonsa ba. Shi ma gida za shi, in ya je zai aiko masa da shi.

Ghali ya girgiza kai. Ya san ubansa. Kafin ya shinshina ma tambayar farko da zai yi ita ce wa ya kama, kuma "wani abokina" ba amsa ba ce a wurin Baba.

"Zan bi ka," in ji shi.

Sun ya dubi silifas ɗin da ke ƙafar Ghali, ya fashe da dariya har da buga tebur.

Maijidda ce ta je kasuwar Liuhua ta haɗo masa kayan sanyi, riga kan riga, da takalmi mai gashi a ciki. Shi kuma da kansa ya nemo buhun algarara ya ninke ya cusa a ƙasan jaka. A Wudil haka ake yi, ka jiƙa buhu ka zuba tarwaɗa a ciki, ka hau mota, ka isa Kano tana motsi, har yamma tana da rai. Bai gaya wa Sun ba, don a ganinsa wannan abu ne da kowa ya sani. Maganar jirgi kuwa, ya ce in an je filin a san yadda za a yi, ai bakin ɗan Kwari bai mutu ba. Da ya shiga yi wa Baba sallama ya ce zai je ya dawo, tsohon bai juyo ba, hannu kawai ya ɗaga.

Jirgi biyu suka hau, sannan mota. Abin da ya tari Ghali a ƙofar jirgin ƙarshe ba sanyi ba ne, mari ne. Gashin hancinsa ya daskare, haƙoransa suka ɗau zafi. Tsohuwar Sun, 'yar ƙaramar mace mai ƙarfin murya, ta sayi sabuwar tukunya musamman dominsa, tunda ɗanta ya gaya mata baƙon ba ya cin alade. Ta cika shi da dankali da kabeji, ta nuna masa makwanci, gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Ghali ya kwanta yana dariya shi kaɗai. Idan Maijidda ta ji ya kwana a gadon masu jego, ai ya shiga uku da tsiya.

Washegari da la'asar suka fita, Sun yana jan wani katako mai sulɓi da aka ɗora wa kayan aiki. Suka sauka wata gangara suka shiga fili fari fat, iya ganinka. Suna cikin tafiya Sun ya tsaya ya ce sun iso.

"Ina kogin?"

"Kana kansa."

Ghali ya sa takalmi ya share dusar ƙanƙarar da ke gabansa. Ƙarƙashinta baƙi ne wuluk, da tsage-tsage fari a ciki, kuma can ƙasa wani abu kamar yana motsi. Shi da ko kwalekwalen ubansa sai da duka yake shiga, yau ga shi tsaye a tsakiyar kogi ba jirgi ba komai. Bai gama wannan tunanin ba sai wata ƙara ta taso daga ƙasa, gum, ta bi ta ƙarƙashin ƙafarsa ta wuce.

"Innalillahi!" Ya zube a gwiwa.

"Kauri take ƙarawa," in ji Sun, ko kallonsa bai yi ba. Ya nuna masa can nesa, wata motar ɗaukar kaya tana tsallaka kogin hankali kwance. Ghali bai yarda ba ko kaɗan, amma ya tuna ƙashin kafaɗar nan a ƙarƙashin riga, ya miƙe.

Aikin ba na rago ba ne. Da dogon ƙarfe mai tsini ake sara, ɗaya na sara ɗaya na kwashe ɓaraguzan da mataci, in mai sara ya gaji a yi musanya. Ghali ya yi ta sara har ya fara zargin kogin nan ƙanƙara ce zalla har ƙasa. Gumi ya keto masa ya daskare a gemu. Sai can ƙarfen ya zurma, ruwa baƙi ya ɓulɓulo ya cika ramin. Sun ya buɗe filas, a ciki ƙananan kifaye ne masu rai, su ne abincin ƙugiya. Ya miƙa wa Ghali zare da ƙugiya ya ce ya ɗaura nasa.

Da safar hannu ba ta ɗauruwa. Ghali ya cire. Rabonsa da ɗaurin ƙugiya tun yana ɗan firamare, amma yatsun suka tafi da kansu, zagaye, zagaye, a zura, a ja da haƙori. Kafin ya gama sun yi zafi kamar ya taɓa garwashi, daga nan kuma ya daina jin su gaba ɗaya. Aka saki zaren har ya taɓa ƙasan kogi, aka ɗan ɗago, aka ɗaure a sanda aka gitta ta a bakin ramin, aka rufe da ciyawa da dusa don kada ya toshe. Haka suka yi ta yi, rami bayan rami, har rana ta faɗi. Kifin nan, in ji Sun, da duhu yake yawo. Sai da safe.

Da hantsi suka dawo. Ramin farko ba komai. Na gaba an cinye abincin an bar musu ƙugiya tsirara. Suka yi ta bi, zuciyar Ghali tana ta raguwa, har suka zo wani daga cikin waɗanda shi ya ɗaura. Ya fasa 'yar ƙanƙarar da ta rufe bakin, ya kama zaren, sai ya ji nauyi. Ba fizga irin ta tarwaɗa ba, nauyi ne kawai kamar mai jan guga cike daga rijiya. Ya yi ta ja, yana bismillah a kowane kamu. Kai ya fara ɓullowa, faffaɗa, da gashi ƙwaya ɗaya tal a haɓa. Sai jikin ya biyo, mai dabbare-dabbare, tsawon hannun mutum har kafaɗa. Yana fitowa ya naɗe wutsiya a damtsen Ghali.

"Allahu akbar! Lawban, zo ka gani! Zo ka gani!"

Ƙugiyar ta wuce can cikin maƙogwaro, don haka ya yanke zaren ya bar ta. Ya ruga wurin kayansu ya zaro buhun algarara, ya tsoma shi a ramin ya jiƙe sharkaf, ya sa kifin a ciki ya naɗe shi da kyau, ya kwantar a kan katakon. Sun yana tsaye yana kallonsa baki buɗe.

"Me kake yi?"

"Da rai zan kai shi."

Sun ya ɗauki ƙarfen ya yi gaba. Suka je suka duba sauran ramukan, suka samu wani ƙarami. Da suka dawo Ghali ya sunkuya zai ɗaga buhun, sai buhun ya taso gaba ɗaya a sandare kamar ƙyauren taga. Ya ɓamɓare bakinsa da ƙyar. Kifin yana ciki a lanƙwashe, ido fari, ya ƙwanƙwasa shi ya ji ƙwas.

Sun ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Sai da ya ɗago ya ga fuskar abokinsa sannan dariyar ta tsaya. Ghali ma ya zauna daɓas a kan ƙanƙarar da jiya yake tsoron takawa.

"Babana ba ya cin kifin ƙanƙara," in ji shi.

Ya ƙetare ƙasa guda, ya bar marar lafiya a kwance, ya kama kifin da ba wanda ya taɓa ciyarwa, kuma ga shi da hannunsa ya mayar da shi abin da tsohon ya fi tsana a duniya. Ya tambayi Sun ko in sun sake kama wani za a iya sa shi a bokiti. Sun ya ce ko an sa, da ya ji ɗumi zai mutu, kuma ba jirgin da zai ɗauki bokitin ruwa. Su ma nan haka suke ajiye shi, a waje, a kan rufin ɗaki.

A gida tsohuwar ta dafa musu ƙaramin. Ghali ya ɗanɗana, daɗinsa ya ƙara ɓata masa rai. Da ta ɗauko wuƙa za ta gyara masa babban don ya yi sauƙin ɗauka, ya yi wuf ya riƙe hannunta.

"A'a, Mama. Shiye-shiye, na gode. A bar shi haka."

Ba wata dabara ce ta zo masa ba. Kawai a gidansu ba mai farka cikin kifi sai Baba. Aka sa shi a farin akwatin soso, aka naɗe da salatif, ya kamo hanya.

Guangzhou ta karɓe shi da ɗumi da yayyafi. Ya hau benen gidansu da rigunan sanyi a hannu ɗaya, akwati a ɗaya, gumi yana bin bayansa. Maijidda ta ja shi kicin ta tura ƙofa. Ta ce tun da ya tafi ba abin da ya canja, sai ma kunun da ya ragu, kuma asibiti sun kira sun tuna musu ranar awo. Ta yanke salatif ɗin ta ɗaga murfin, ta tsaya.

"Abban Radiyya," ta ce ƙasa-ƙasa, "wannan ai na ƙanƙara ne."

"Na sani."

Ta matso. "Bari in jiƙa shi ya saki, in yanka in dafa. Mu ce da rai ka kawo shi, a hanya ya mutu. Wallahi Allah ma ya san ba don mugunta ba ne."

Ghali ya so ya ce to. Har ya buɗe baki. Amma mutumin da ke gane dusa a tsokar kifi da hanci, shi ne ba zai gane ƙanƙara ba? In kuwa ya kama su da ƙarya sau ɗaya, ko ruwa aka kawo daga kicin ɗin nan ba zai ƙara sha ba.

"Ba ni faranti babba," in ji shi.

Ya shiga da sallama, ya durƙusa, ya ajiye farantin a bakin katifa. Kifin yana kai a lanƙwashe yana fitar da hayaƙin sanyi. Baba ya juyo a hankali. Ya ƙara ramewa, idanun sun faɗa. Ya dubi ɗansa, ya dubi farantin, ya miƙo hannu ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa.

"Daga ina ka ɗauko min itace?"

Ghali ya faɗa masa komai, bai rage ba. Kogin da mota ke bi ta kansa, ramin da suka sara, zaren da ya kwana, har buhun algarara. Da ya zo kan buhun, gefen bakin tsohon ya ɗan motsa. Ya jawo farantin kusa. Ya bi gashin haɓar da yatsa. Ya kama guntun zaren da ya leƙo daga bakin kifin, ya karkata kai ya leƙa ciki.

"Wa ya ɗaura wannan ƙugiyar?"

"Ni ne, Baba."

"Ɗaurin banza. Da giwan ruwa ne da ya tafi da ita." Ya saki zaren. "Ka san abin da ya sa ba na cin na kwali? Ba a san ranar da ya mutu ba. Ba a san hannun da ya ɗauko shi ba."

"Shekaranjiya da hantsi, Baba. Ga hannun."

Ya miƙa. Yatsun sun kumbura, fatar bayansu ta tsattsage ta yi baƙi. Baba ya daɗe yana kallonsu, bai taɓa ba. Can ya koma ya kwanta.

"A bar shi ya saki da kansa. Kar a sa masa ruwan zafi. Kar kowa ya taɓa min cikinsa."

Bai ce zai ci ba, bai ce ba zai ci ba. Wunin nan Ghali bai je ofis ba. Ya shiga kicin ya latsa kifin, ya fito, ya sake shiga, har Maijidda ta ce in ya ƙara latsa shi sau ɗaya za ta kulle ƙofar. Sai bayan la'asar jikin ya yi laushi. Suka shimfiɗa leda a ƙasa, suka tayar da Baba suka tokare shi da filo. Ya ce a ba shi wuƙa. Hannunsa yana rawa da ya karɓa, Ghali har ya miƙa nasa zai taimaka, tsohon ya harare shi. Wuƙar tana taɓa cikin kifin rawar ta tsaya.

Ya ɗaga marfin kunnen ya duba, ja ne jawur. Ya tsaga cikin daga ƙasa zuwa sama da ja ɗaya. Wata hanta ta zubo, ƙatuwa, fara-fara, ta kusa cika tafin hannunsa.

"Ikon Allah," in ji Baba. Ya ajiye ta gefe a hankali.

Sannan ya jawo tumbin ya farka, ya juye a kan ledar. Ƙananan kifaye ne suka fito, ɗaya ko narkewa bai fara ba, da wani abu mai ƙafafu kamar jatan lande, da 'yan tsakuwoyi baƙaƙe. Baba ya tona su da bakin wuƙa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki tsakuwa ya murza a yatsa. Ya kai hannun hanci.

"Wannan shi yake nemar wa kansa," in ji shi. Ya ɗago. "Maijidda, kina da lemon tsami?"

Ai kafin ya rufe baki ta kai kicin. Gidan ƙarami ne, daga katifarsa yana hango murhu, don haka daga nan ya riƙa ba da umarni, da muryar da rabon da a ji ta tun kafin a shiga da shi ɗakin aiki. A murje yauƙin da gishiri da lemon tsami. A yanka da kauri, ba irin yankan gidan abinci ba. Albasa, citta, ɗan daddawa kaɗan. Ruwa ya tsaya daidai kan kifin.

"Attarugu ɗaya."

"Baba, likita fa ta hana yaji."

"Wa ya ce ki fasa shi? Jefa shi ɗungurum, ƙamshinsa nake so. Kuma kar in ga ludayi a tukunyar nan, ki kama kunnenta ki jijjiga. Hantar sai an kusa saukewa."

Ƙamshi ya cika gidan, ya fita har matattakala. Maijidda ta zubo a kwano ta kawo, romon fari, tsokar fara sol, hantar a sama. Ta ajiye ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Ghali ya zauna a ƙasa ya zaro waya yana dannawa, ko harafi ɗaya ba ya gani.

Baba ya yi bismillah. Ya ɗebi romon a cokali ya hura, ya kurɓa, ya riƙe a baki. Ya gutsuri tsokar ya tauna a hankali, idonsa a bango.

"Ba tarwaɗa ba ce," in ji shi.

Ghali ya ajiye wayar.

"Amma kifi ne."

Ya sake kai hannu. Ya ajiye cokalin ma gaba ɗaya ya koma da yatsa, yana zare ƙaya yana jerawa a bakin faranti. Ya ci hantar, ya lumshe ido. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Da tsokar ta ƙare ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya shanye romon, ya yi gyatsa, ya ce alhamdulillahi. Ghali ya ji wani abu da ya daɗe a ƙirjinsa ya sauka, har jikinsa ya yi sanyi. Tsohon nan zai ci, ɗinkin zai kama, ba mai zura masa roba a hanci.

Baba ya miƙo kwanon, ko kallon kowa bai yi ba.

"Da saura a tukunyar?"

Maijidda ta karɓa ta shige kicin ta tura ƙofa. Shiru, shiru, ba ta fito ba. Ghali ya tashi ya bi ta. Ya same ta tsaye a gaban murhu da kwanon a hannu, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa, hawaye ya hana ta ganin tukunyar. Ya karɓi kwanon zai zuba, sai dariya ta ƙwace masa. Suka tsaya nan su biyu, ita tana kuka shi yana dariya, sannan suka yi musanya, tana dariya yana kuka.

Daga ɗaki muryar Baba ta taso, da ƙarfinta.

"Wai sai na taso da kaina ne?"